Wa ya taɓa zuwa Shinƙiɗ? Ina son ratsa hamadar Muritaniya a jirgin tama

Nafi'u Gwale: Assalamu alaikum jama'a. Tun bara nake tara 'yan kuɗi saboda wata tafiya da ta daɗe tana raina. Ina son zuwa Muritaniya cikin Disamba, in ga tsofaffin littattafan Shinƙiɗ, sannan in hau jirgin ƙasan nan mai ɗaukar tama da ke ratsa hamada har bakin teku. Damuwata ita ce duk bidiyon da na kalla na Turawa ne. Su da irin fasfonsu, duk inda suka nufa ana buɗe musu hanya. To ni Bahaushe mai koren fasfo, yaya tawa za ta kasance? Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya taimaka mini da abin da ya gani.

Bashir Kawo: Wa alaikumus salam. Nafi'u, tsakani da Allah me ka rasa a hamada? Mutanenmu a Yusufari da Machina rairayi na cinye musu gonaki suna neman inda za su sa kansu, kai kuma za ka biya kuɗi ka je ka same shi har gida. Da ni ne, in ƙara a kan kuɗin in tafi Umara.

Nafi'u Gwale: Umara tana raina Yaya Bashir, Allah ya nufe mu. Amma tun ina yaro nake jin malamai suna cewa "Shinƙiɗi ya ce", "Shinƙiɗi ya ce", ban san ma sunan gari ba ne sai da na girma. Ina son in ga garin da idona.

Injiniya Lawal: Bari in fara da jirgin, tunda shi na fi sani. Layin dogon kilomita 704 ne, daga Zuwerat inda ake haƙar tama zuwa tashar ruwa ta Nuwadibu. An buɗe shi a 1963, shekara uku bayan ƙasar ta samu 'yanci, kuma SNIM, kamfanin haƙar tama na ƙasar, ne ke tafiyar da shi. Jirgi ɗaya yakan ja tarago wajen 200, tsawonsa ya haura kilomita biyu, kowane tarago yana iya ɗaukar tan 84. Wanda ya fito daga Shinƙiɗ ba sai ya je Zuwerat ba. Zai dawo Atar, babban garin yankin, ya hau mota zuwa wani ɗan gari da ake kira Shum, a nan jirgin ke ɗan tsayawa. Daga Shum zuwa Nuwadibu kusan kilomita 460 ne, awa goma sha biyu ko fiye.

Abu biyu ka riƙe. A 2024 kamfanin ya sanar da hana hawa taragun kaya, bidiyoyin da kake kallo yawancinsu sun girmi wannan sanarwa. Akwai taragon fasinja da ake haɗawa a bayan jirgin, shi ake biya a shiga. Sannan layin yana bin gefen iyakar Yammacin Sahara, kuma arewa da shi akwai nakiyoyin da aka binne tun yaƙin shekarun 1970. Ko jirgi ya tsaya a daji, ba a yawo ta wannan ɓangaren.

Malam Sabi'u: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Nafi'u, ƙanena, tambayarka ta yi kyau, domin tafiyar da Bature ke yi a can daban, wadda za ka yi daban. Na yi shekara biyu da rabi ina karatu a wata mahdara a yankin Tararza, kudu da Nuwakshot, babban birnin ƙasar. Mahdara ita ce tsangayarsu, allo ne da tawada da hadda, wasu a cikin tanti suke. Da zan dawo gida a farkon 2019 na ce sai na ga Adrar tukuna, yankin da Atar da Shinƙiɗ suke. Don haka duk inda kake son zuwa na taka.

Fara da takardu. Muritaniya ta fice daga ECOWAS tun shekarar 2000, kada ka ɗauka za ka shiga kamar yadda kake shiga Kwatano. Sai da biza, kuma tun farkon 2025 ta intanet ake nema kafin a taso. Kada ka yi tunanin bi ta ƙasa ta Mali a wannan yanayi. Ko ka sauka Nuwakshot a jirgin sama, ko ka sauka Dakar ka haura ta Roso ko Diyama a kan kogin Senegal.

Sannan akwai wata takarda da suke ce wa fish. Kai za ka rubuta abarka: sunanka, lambar fasfo, sunan mahaifi da mahaifiya, sana'a, inda ka fito, inda za ka. Ka buga kamar talatin ka sa a aljihun gaba. Daga Nuwakshot zuwa Atar kilomita 440 ne na kwalta, amma shingen jandarmomi a hanyar ba ya ƙirguwa. A kowanne ka miƙa ɗaya, mota ta wuce. In ba ka da ita sai an sauke ka an kwafe da hannu, sauran fasinja suna jiranka cikin rana.

Bashir Kawo: Allah ya gafarta Malam, ka faɗa masa ɗaya gefen ma. Ƙasar nan ce ta ƙarshe a duniya da ta soke bauta, sai a 1981, kuma ba a mai da ita laifin da ake hukuntawa ba sai 2007. Baƙin mutum irinmu ya je can yawon buɗe ido, da wane ido za a kalle shi?

Maman Hanifa: Malam Bashir, maganarka gaskiya ce, ba zan rufe ta ba. Na zauna Nuwakshot shekara huɗu lokacin da maigidana ke aiki a can. Bambancin yana nan, kana ganinsa a wanda ke zaune cikin shago da wanda ke sauke kaya a ƙofar shagon. Akwai Larabawan da ake kira Bidan, akwai Haratin waɗanda baƙaƙe ne masu jin Hassaniyya, wato Larabcin ƙasar, kuma yawancinsu jikokin bayi ne, akwai Fulani da Soninke da Wolof na bakin kogi. Maƙwabciyata Bafulatana ce, tana yarinya aka kore su zuwa Senegal a rikicin 1989, ba ta iya ba da labarin ba tare da ta yi shiru a tsakiya ba.

Amma kuma a ƙasar ne na ga karamcin da har yau nake tunawa. Motarmu ta taɓa lalacewa a hanyar Akjujt, muka hango tanti guda ɗaya tal. Matar gidan ba ta tambaye mu ko mu su waye ba, ta kawo zirig a ƙwarya, wato nono da aka sirka da ruwa da sukari, kamar farau-farau ɗinmu. Ta shimfiɗa mini mayafinta na kwanta da jaririyata har magariba. Duka biyun na gani, Nafi'u, kai ma duka biyun za ka gani.

Malam Sabi'u: Hajiya ta faɗi daidai. Bari in ƙara da abin da ya same ni, don shi ne ainihin amsar tambayar Nafi'u. Nuwadibu gari ne da 'yan ci-rani ke hawa kwale-kwale daga cikinsa zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya. Saboda haka duk baƙon da ya fito daga ƙasashenmu ya doshi garin, abin da ake fara zato ke nan. Kuma abin ya ƙaru tun da Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar a 2024, ta Yuro miliyan 210, kan tare hanyar.

Ni da na sauka daga jirgin, ƙurar tama ta rufe ni tun daga rawani har tafin ƙafa, idona ne kawai ke da fari. A wani shinge aka ware ni daga cikin mota, Turawa biyu da muka sauko tare aka ce su wuce. Wani jami'i ya riƙe fasfona yana juya shi, ya ce wa zan gani a garin, nawa na biya mai kwale-kwale. Na ce ni ɗalibi ne, gida zan koma. Bai yarda ba. Ya ce in zazzage jakata a ƙasa. Da allona ya faɗo, sai ya ɗauka ya duba, baitocin Alfiyya, waƙen nahawun Larabci, ne na ƙarshe da na rubuta ban wanke ba. Ya karanta rabin baiti da ka, ba tare da ya kalli allon ba, ya tsaya yana kallona. Na ƙarasa masa. Ya sake jawo wani daga wani babi, na ƙarasa. Sai ya tsuguna da kansa ya tattara mini kayana, ya ja ni cikin rumfarsu, sai da na sha shayi kofi uku kafin ya bari na tafi.

Na ji daɗin ƙarshen, amma awa ɗayan da na yi a tsaye ana kallona kamar ɓarawo ba ta fita raina ba. Kai ba ka da allo, don haka ka tanadi madadinsa: tikitin komawa gida a buge a takarda, sunan masaukinka, lambar wani ɗan ƙasa da zai amsa waya ya ce ya san da zuwanka.

Nafi'u Gwale: Malam, wannan ita ce maganar da na kasa samu a ko'ina. Na gode ƙwarai. To a saman tama ka hau ke nan?

Malam Sabi'u: A sama na hau, lokacin ba a hana ba, kuma kuɗina sun ƙare. An ce mana jirgi zai iso Shum da la'asar, bai zo ba sai bayan isha. Ka fara jin ƙasa tana rawa kafin ka ga fitila. Tsayuwarsa 'yan mintoci ce, kowa na gudu cikin duhu yana jefa kaya sama. Na faɗa tarago ɗaya da wani dattijo mai awaki uku da buhunan gawayi, da ɗansa. Suka tona rami a cikin tamar ta gefen da iska ba ta bugowa, suka shimfiɗa buhu, yaron ya hura gawayi a wani ɗan kasko ya ɗora shayi, jirgi na tafiya.

Sanyin daren nan ban taɓa jin irinsa ba, ko a Jos. Tamar da ta sha rana da farko tana da ɗumi, can tsakar dare ta koma kamar ƙanƙara. Ƙura kuwa baƙa ce mai laushi kamar kwalli, tana shiga haƙori, tana shiga kunne, kwana huɗu ina tofar da baƙin yawu. In jirgin ya ja birki, ƙarar tana tahowa daga gaba tarago bayan tarago, kafin ta iso ka dole ka riƙe wani abu. Babu makewayi, babu wanda zai ji ihunka in ka zame. Taurari dai na gan su yadda ban taɓa gani ba, har ƙasa suke saukowa ta kowane gefe. Amma dattijon nan ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya kalle su ba, hankalinsa na kan kada igiyar akuya ta kwance.

Abdul Zongo: Gaisuwa daga Kumasi. Abin da ke damuna da bidiyoyin nan ke nan. Mutumin da ba shi da wata hanya ya kai awakinsa kasuwa shi ne ke kwana a kan tama, wani kuma ya taso daga Turai da tabarau na musamman ya hau don a ɗauke shi hoto. Wahalar wani ta zama abin wasan wani. Nafi'u, in ka hau sama kai ma cikinsu ka shiga.

Nafi'u Gwale: Abdul, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. In na zauna kusa da mutum na sha ƙurar da yake sha, ai na fi sanin halinsa a kan in leƙo shi ta taga. Ba hoto zai kai ni ba.

Abdul Zongo: Kai dare ɗaya za ka sha ka je otal ka yi wanka. Shi kuma jibi zai sake hawa ya koma, a cikin taragon da babu komai, wanda aka ce ya fi jijjiga mutum. Ba ɗaya ba ne.

Injiniya Lawal: Ku bar ma wannan. An hana, magana ta ƙare. Baƙon da ake riga ana zarginsa da ci-rani, shi ne zai ƙara wa kansa laifin karya doka? Taragon fasinjan ma ba gado ba ne, cunkoso ne da ƙura da mutane a kwance a ƙasa. Duk abin da kake son ji na wahala za ka same shi a ciki.

Alhaji Illa Agadas: Salamu alaikum. Yarona ne ya karanto mini zancen nan, na ce ya rubuta mini. Ban taɓa zuwa Muritaniya ba, amma shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙi tsakanin Agadas da Dirku da Bilma, kuma hamada duk uwa ɗaya ta haife ta. Jirgin ƙasa bai tsorata ni ba, shi yana kan ƙarfensa, ba ya ɓata. Abin da nake ji wa yaron nan shi ne ranar da zai bar kwalta ya shiga rairayi da mota.

Ɗana, ka ji. Kada ka shiga daji da mota ɗaya in akwai halin biyu. Kafin ka biya direba, zagaya motar da kanka: taya biyu na safaya, shebur, farantan ƙarfe na fitar da mota in ta kafe, famfon iska, domin sai an rage wa taya iska a kan rairayi a kuma mayar a kan dutse. Ruwa ka lissafa lita biyar kowane mutum kowace rana na sha kawai, sannan ka ƙara na kwana biyu da ba ka yi niyya ba. Kada a zuba shi a mazubi ɗaya, jarka takan fashe. In mota ta mutu, kada ka bar ta ka ce za ka taka. Mota ana hango ta daga nesa, mutum ba a hango shi. A 2013 mutum 92 ƙishirwa ta kashe arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace. Mu da ke wannan hanya ba mu manta ba.

Kuma ka sayi rawani ka koyi naɗa shi tun ranar farko. Ba ado ba ne. Shi ke tare maka ƙura da rana, shi ke hana bakinka bushewa.

Nafi'u Gwale: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na rubuta duka. Na so in ƙarasa Wadan in ga abin nan da ake kira Idon Sahara, ashe sai da shiri.

Injiniya Lawal: Gelb er Rishat ke nan, faɗinsa wajen kilomita 40. Daga sama ne yake zama ido. A ƙasa tuddan duwatsu ne kawai a jere, in ba a faɗa maka ba ba za ka san kana ciki ba. In kwanakinka kaɗan ne, tsohon garin Wadan ya fi shi abin gani. Shi da Shinƙiɗ da Tishit da Walata UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya tare a 1996.

Malam Sabi'u: Nafi'u, kun daɗe a kan jirgi, alhali abin da ka fara ambata shi ne littattafai, kuma shi ne abin da ya fi zauna mini. Daga Atar zuwa Shinƙiɗ bai kai kilomita 100 ba, ana hawa dutsen Adrar a bi ta wata mashiga mai tsayi. Garin ƙarami ne, wani busasshen kwari ya raba shi biyu, sabo da tsoho. A nan ayarin mahajjatan yankin ke taruwa a da kafin su doshi Makka, shi ya sa a ƙasashen Larabawa na gabas duk wanda ya fito daga wannan ƙasa ake ce masa Shinƙiɗi, ko da bai taɓa kwana a garin ba. Hasumiyar masallacin ta dutse ce zalla ba siminti, mai kusurwa huɗu, da siffar ƙwan jimina a samanta.

Littattafan ba na gwamnati ba ne, na iyalai ne, gado daga kakanni. Wanda na shiga, dattijon ya buɗe ƙofar da makullin itace mai 'yan haƙora, sai ka sunkuya kafin ka shiga. Ɗaki ne da bai fi shagon tela ba. Ya sa safar hannu ya ciro wani daga cikin kwalin ajiye takardu irin na ofis. Fiƙihu ne, gara ta ci gefensa ta yi masa hanyoyi kamar taswira. Da ya buɗe sai gabana ya faɗi, domin rubutun irin namu ne. Fa'un da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kamar yadda malaminmu na allo ya koya mana a Zariya, kamar Alƙur'anin Warshu da ke ɗakin kakata. A gefen shafin wani ɗalibi da ya rasu ɗaruruwan shekaru ya yi ƙananan bayanai da jar tawada, a daidai wurin da ni ma na taɓa kakarewa. Na karanta a bayyane. Dattijon ya ce daga ina, na ce Najeriya, ƙasar Hausa. Ya ce, ƙasar Shehu Usmanu. Ya ciro mini wasu guda uku da bai nuna wa ayarin da suka riga ni ba, har da na ilimin taurari.

Da na fito na zaga bayan masallaci. Rairayi ya shigo unguwar kamar ruwan ambaliya da ya tsaya cak. Akwai gidajen da saman ƙofarsu kaɗai ake gani. Na ga wata tsohuwa da kwano tana kwashe yashi daga bakin ƙofarta, ƙofa ce shuɗiya, tana zubarwa can gefe, iska tana dawo mata da shi. Na karɓi kwanon na taya ta har hannuna ya gaji. Ta ce kullum da safe haka take yi tun rasuwar mijinta, 'ya'yanta suna Nuwakshot suna ta kiranta ta ƙi.

Bashir Kawo: Malam, wannan ya taɓa ni. Irin abin da ke faruwa a ƙauyukan Yobe ne da na ambata da farko. Har yanzu dai ina ganin tafiyar da haɗari, amma na daina cewa babu abin gani.

Maman Hanifa: In za ka je, Disamba ya yi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri da man shafawa, fata tana tsagewa. Kuɗinsu ugiya ne, an cire masa sifili ɗaya a 2018, amma har yanzu 'yan kasuwa da yawa da tsohon lissafi suke faɗin farashi. Kafin ka miƙa kuɗi ka tambaya, tsoho ko sabo. Kuma in an ba ka shayi kada ka tashi bayan kofin farko, uku ne, kuma ba a gaggawarsa. In ka samu kwana ɗaya ka tsaya Tirjit kusa da Atar, ruwa na ɗiga daga jikin dutse a ƙarƙashin dabinai.

Nafi'u Gwale: Jama'a Allah ya saka da alheri. Ga yadda na tsara yanzu: Nuwakshot kwana biyu, Atar da Tirjit kwana biyu, Shinƙiɗ kwana huɗu maimakon ɗayan da na sa da farko. Wadan sai in na samu ayarin mota biyu kamar yadda Baba ya ce. Jirgi kuma taragon fasinja zan shiga, duk da Abdul bai gama gamsar da ni ba. Malam Sabi'u, Larabcina na makarantar Islamiyya ne, zai wadatar?

Malam Sabi'u: Zai kai ka. Hassaniyya suke yi a tsakaninsu, amma in ka yi musu Larabcin littafi za su amsa maka da shi, har su ji daɗi. Faransanci kaɗan yana taimako a shingaye. Ka riƙe ɗan abin da za ka ajiye wa masu ɗakunan littattafan, da shi suke sayen kwalaye da maganin gara.

Kuma ina da saƙo. In ka isa, ka bi ta bayan tsohon masallacin, layi na biyu ta hannun hagu. Ka duba mini ko shuɗiyar ƙofar nan tana buɗuwa har yanzu.

Nafi'u Gwale: In sha Allahu zan duba, Malam. In na same ta zan karɓi kwanon.